Ƙararrawar Keke a Zauren Alhaji Bahago

Ƙofar Gayan, Birnin Zariya
Ranar Juma'a

Radiya ta kai rabin littafin! Jiya bayan la'asar ta karanta shafin da ke tsakiya, na sa jan zaren ɗinki a wurin da hannuna, na ɗaga littafin na duba ta gefe, kaurin da ke saman zaren daidai yake da na ƙasa. Ummi, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

Af, ban ma yi sallama ba. Assalamu alaikum 'yata Ummukulsum. Ina fata kina lafiya, da aikin asibiti, da ruwan saman Fatakwal da kika ce ba ya ɗaukewa. Mu nan lafiya lau. Gwiwata ta yi sauƙi. Kunnuwan ne dai suna nan yadda kika bar su, shi ya sa na ce ki daina wahalar da kanki da kiran waya, kina ihu ina cewa na'am. Rubutu ya fi. Ban zauna a bencin ajin yamma da furfura a gemuna don in bar biro ya bushe ba.

Kin san halin da muka shiga da aka ce 'yarki ta faɗi anatomi, darasin nan na sassan jikin mutum, kuma dama ɗaya ta rage mata. In ta sake faɗuwa a jarrabawar gyara, za su sallame ta daga karatun likita. Abinci ma ƙin ci ta yi. Da na zaunar da ita na ce ta nuna mini abin da take karantawa duk shekara, sai ta miƙo mini waya. Bidiyo kan bidiyo. Wani yana zane a allo, wani yana magana kamar an biyo shi, ga gutsattsarin bayanai da 'yan ajinsu ke tura wa juna. Na ce ina littafin? Ta jawo shi daga ƙarƙashin gado, ƙato kamar tubali, ko lanƙwasa ba a taɓa yi masa ba. Ta ce, "Alhaji, ai ba wanda ke karanta wannan duka, dubawa kawai ake yi." Na ce, "To Amarya, ga inda kika faɗi."

Ni abin da na tashi na gani a zaurukan garin nan, littafi daga bango ake fara shi, a kai shi bango. Ba a tsallake babi don ya yi wuya, ba a leƙa na gaba don ya yi daɗi. Haka ma na yi a ajin yamma, tun daga a, ba, ca har na rubuta sunana. Na gaya mata haka, sai ta ɗauki wayar da kanta ta ba ni. Tana cikin akwatin riguna, makullin yana aljihuna. Ranar Juma'a kaɗai nake fito da ita, ta ɗauki hoton wasiƙata ta tura miki, in akwai taki ta kai shago a buga mini a takarda.

Yanzu kullum da safe tana zaune a zaure tana karantawa da ƙarfi, ni ina gefe da allura ina ɗinkin riga. Rabin abin da take faɗa ba ya shiga kunnena, wanda ya shiga ma ban gane shi ba, amma idona yana kan yatsanta. In ya yi tsalle zan gani. Jiya ta ce, "Tsoho, kai fa ko malamanmu ba su kai ka tsanani ba." Na ce, "Su ai ba su biya sadakinki ba."

Wata ƙawarta 'yar Wusasa, Annabel, ta zo sau biyu. Ita ma darasin nan ta faɗi. Wai sun haɗa ƙungiya suna yi wa juna tambayoyi, Radiya ta zo. Yarinya ce mai ladabi, har ƙasa ta durƙusa ta gaishe ni. Na ba ta ruwa, na ce ta yi haƙuri, Radiya tana kan littafi. Ƙungiya ai hira ce.

Ranar da ta sauke littafin zan yi walima, waina da miyar taushe. Ki fara neman hutu.

Mahaifinki,
Alhaji Bahago

*

Fatakwal
Ranar Alhamis

Assalamu alaikum Baba,

Ina gaishe ka da fatan gwiwar tana ƙara sauƙi. Ni lafiya lau, sai aiki. An rage mana ma'aikatan jinya a ɓangarenmu, hutu kam ba yanzu ba.

Baba, na karanta wasiƙarka a tsaye, na zauna na sake karantawa. Allah ya saka maka da alheri, tun rasuwar babanta kai ne komai nata. Amma hankalina ya tashi. Ashe shi ya sa duk mako wayar Radiya a kashe. Ranar Juma'ar ma da na same ta, na ce yaya karatu, ta ce alhamdulillahi, ta yi shiru. Na san shirun nan. Kunyarka take ji, kuma tun da ta faɗi ta daina yarda da kanta, duk abin da aka ce ta yi za ta yi.

Bari in gaya maka yadda jarrabawar take, don na sha ganin ɗaliban likita suna shiri a asibitinmu. Akwai ta rubutu, ita kam littafin zai taimaka, kuma gaskiyarka ne, da ta buɗe shi tun farkon shekara da ba mu zo nan ba. Amma akwai wata. Tebura ake jerawa a babban ɗaki. A kan wannan ƙashi, a kan wancan hannun gawa da aka feɗe, an soka ƙaramar allura a wata jijiya, a kan na gaba hoto. Ɗalibi zai tsaya ya duba, ya rubuta sunan abin da aikinsa. Kafin ya numfasa an kaɗa ƙararrawa, dole ya matsa tebur na gaba, ko ya rubuta ko bai rubuta ba. Ba wanda zai ce masa karanta mini shafi kaza. Nuna masa za a yi, a ce mene ne wannan.

Shi ya sa suke taruwa suna yi wa juna tambayoyi, suna riƙe ƙasusuwa a hannu, suna bin tambayoyin shekarun baya. Bidiyon ma ba duka ne shirme ba, akwai masu nuna fiɗar kamar mutum yana tsaye a wurin. Laifin Radiya shi ne ta tsaya a kallo kawai. Yanzu kuma ta koma karatu kawai. In rabin littafin ya cinye wannan lokacin, jarrabawar za ta zo tana tsakiyar babin ciki, na kai da na wuya ko taɓa su ba ta yi ba.

Baba, wannan ba irin karatun ajin yamma ba ne. Don Allah ka ba ta wayarta, ka bar ta ta je wurin su Annabel.

'Yarka,
Ummukulsum

*

Fatakwal
Ranar Asabar

Assalamu alaikum Baba,

Ina fata kuna lafiya. Ni ban san ko lafiyar nake ba.

Juma'a biyu ke nan ba wasiƙa. Ta farko na ce ko wuta ce babu. Jiya tun safe wayata tana aljihun rigar aiki, duk motsin da ta yi sai na zaro, har wata majinyaciya ta tambaye ni ko wani nawa ne ba lafiya. Na kira Radiya, a kashe. Na kira maƙwabcinka Malam Shehu, ya ce ya gan ka a masallaci ƙalau, amma da na tambaye shi Radiya sai ya ce, "Hajiya, al'amarin gidan nan sai dai ki ji daga bakin Alhaji." Me ke nan, Baba? Me ya faru a gidan?

Na koma na karanta abin da na rubuta maka, na ga inda na ce ba irin karatun ajin yamma ba ne. In shi ne ya ɓata maka rai, ka yafe mini. Ba raini nake nufi ba. Ni ce fa nake riƙe maka jakar littattafanka in raka ka bakin makarantar, ina alfahari ana cewa ga 'yar ɗalibi. Abin da nake nufi, kai littafinka yana jiranka, in ka gaji ka rufe, gobe ka tarar da shi inda ka bar shi. Ita ƙararrawa ba ta jira.

In ban ji daga gare ku ba zuwa Juma'a, zan ajiye aikin in hau mota, ko me za su yi mini su yi. Na fi son in rasa aikin da yarinyar nan ta rasa karatunta.

'Yarka,
Ummukulsum

*

Ƙofar Gayan, Birnin Zariya
Ranar Lahadi

Wa alaikumus salam Ummi,

Kada ki hau mota. Muna lafiya, gwiwa ta ɗan motsa saboda yawon da na yi, amma ba komai. Kin ga yau Lahadi ce kuma ga wasiƙa, to daga nan kin san wayar ta fita daga akwati.

Maganarki ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Na ninke takardar na sa a ƙarƙashin darduma, na ce in gani ko su masu karatun safe sun fi mu sanin yadda ake riƙe littafi. Juma'ar farko ƙin rubutu na yi da gangan, ta biyu kuma hidimar da za ki ji ce ta ɗauke mini hankali. Amma ƙararrawar nan da kika faɗa ta ƙi barin kaina. Ina ɗinki ina jin ta, ni da ba na jin kiran sallah sai an taɓa ni.

Wata safiya Radiya tana karatu sai na ajiye allura, na miƙa mata hannuna. Na nuna ɗan ƙashin nan da ya turo a gefen wuyan hannu, na ce, "Amarya, wannan fa, me sunansa?" Ai ta wuce babin hannu tuntuni, da idona na ga yatsanta ya bi shi layi-layi. Ta dubi hannuna. Ta rufe ido. Sai na ga leɓenta yana motsi, ashe daga farkon babin ta faro, tun daga kafaɗa, tana gangarowa. Ta zo gwiwar hannu ta tsaya, ta koma kafaɗa ta sake farowa. Ummi, na san wannan abin, ni ma haka nake. In aka tambaye ni mas'ala daga tsakiyar babi, sai na koma farkonsa nake iya zuwa wurin. Ni ba wanda ke tsaye a kaina da ƙararrawa. Kafin ta iso wuyan hannuna shayina ya huce. Ta faɗi sunan daidai, sannan ta kifa kanta a kan littafin ta fashe da kuka, don ita ma ta gane.

Na tashi. Na sa babbar riga na tari keke-napep zuwa Wusasa. Ban san gidan ba. Na sauka kusa da coci ina tambayar gidan su yarinyar da ke karatun likita, har wata mai tuyar ƙosai ta nuna mini. Mahaifiyarta, Malama Hilda, ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa. Na tarar da Annabel da wani yaron ajinsu, Lucas, a wani ɗan ɗaki da in mutum ya miƙe ƙafa sai ta fita waje. Na ce, "'Yata, ni ne na kore ki, ni ne kuma na zo bikonki." Ta yi dariya ta ce, "Baba, ai ruwanka ma da sanyi, ban ji haushi ba." Na ce zaurena ya ninka ɗakin nan, su dawo can.

Washegari suka zo, kuma ba su kaɗai ba. Lucas yana da kwarangwal na roba, cikakken mutum, da ya aro wurin waɗanda suka gabace su. A keke suka ɗauko shi an naɗe shi da zani, ƙafa ɗaya ta leƙo waje tana lilo, tun daga bakin ƙofar gari har ƙofar gidana. Kafin azahar labari ya gama unguwa. Malam Shehu ya zo ya tsaya daga nesa ya ce, "Alhaji, da girmanka? An ce gawa ka ajiye a zaure." Na ce ya shigo ya ƙwanƙwasa kan ya ji, roba ce. Ya ce shi daga nan ma yana gani. Abin da ya ƙi gaya miki ke nan. Na sa wa kwarangwal ɗin tsohuwar hulata don a daina tsoronsa, muna kiransa Baƙo. Har yau Malam Shehu ta ɗaya gefen titi yake wucewa.

Yanzu ga yadda muke. Da safe littafi, amma ba bi da bi ba, inda tambayoyin shekarun baya suka nuna suke buɗewa. Ina kallon yatsa yana tsalle, ina haɗiye magana. Sannan su kalli bidiyo ɗaya, ɗaya tak, a kashe, kowa ya zana abin da ya gani. Bayan la'asar a warwatsa Baƙo a kan tabarmi, nan ƙashin cinya, can haƙarƙari, can hoto, a ɗaura zarena a wurin da ake tambaya. Tabarmar ƙarshe ni ne. Sun ce ramata ta yi musu amfani, komai nawa a fili yake. Da biro suke zana jijiyoyi a damtsena. Na tambayi liman, ya ce ba ya hana alwala.

Ƙararrawar kuwa, na kwance ta tsohon kekena, wanda nake hawa zuwa ajin yamma. Ni ke kaɗawa, ina duba agogo.

Walimar sauka dai babu, don littafin ba zai sauku ba. Jan zaren yana nan a tsakiya inda na sa shi.

Mahaifinki,
Alhaji Bahago

*

Ƙofar Gayan, Birnin Zariya
Ranar Laraba

Assalamu alaikum Ummi,

Na ga saƙonki na murya, Radiya ta rubuta mini abin da kika ce. Ki daina kukan haka nan. Lafiyarmu ƙalau, sai dai ni abinci ya daina shiga, na zauna na tashi, rigar da nake ɗinka sau biyu ina warware wuyanta.

An yi jarrabawar. Amma bari in fara gaya miki abin da ya faru kafin nan, don an kama ni.

Radiya ta fi sauran sanin bayani, littafin bai tafi a banza ba. In aka zo dogon bayani su biyun ita suke tambaya. Amma a kan tabarmi ita ce baya. Takan tsaya a kan ƙashi ɗaya, biro a sama, goshi ya tattare. Ni kuma ina kallon agogo, lokaci ya cika, babban yatsana yana kan ƙararrawa, sai ya ƙi dannawa. Ina jira in ga bironta ya sauka tukuna. Na ɗauka ba wanda ya lura.

Ranar nan Annabel ta ajiye takardarta ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Baba, kana ha'inci." Na ce, "Ni? Agogon ne ya tsufa." Lucas ya ce, "Baba, agogon nan yana da jika a cikinmu. In ni na maƙale, kafin in ɗaga kai ka kaɗa, in Radiya ce sai ya tafi hutu." Suka yi ta dariya. Radiya ba ta yi ba. Ta ce, "Alhaji, da gaske ne?" Ban taɓa jin ta kira ni da wannan muryar ba, kuma ko da kunnuwan nan nawa na ji ta sarai. Ta ce, "Ka san yadda na faɗi wancan karon? A tebur na uku na maƙale. Aka kaɗa, ƙafata ta matsa, hankalina ya zauna a can. Duk teburan da suka biyo baya ban san me na gani ba. Ranar jarrabawa wa zai jira ni? In ba za ka iya ba, ka ba Lucas ƙararrawar."

Na ce zan iya. Aka sake jera ƙasusuwa. Ta zo kan ƙashin ƙugu ta tsaya, biro a sama. Lokaci ya cika. Ummi, na sha huda yatsana da allura a shekarun da na yi ina ɗinki, ban taɓa jin abin da na ji a yatsan nan ba. Na danna. Ta dube ni, idonta ya cika, ta bar wurin ba rubutu ta matsa. Haka muka yi ta yi har ranar ƙarshe. Wata rana ta bar gurbi da yawa, wata rana kaɗan. Ban ƙara jiranta ba ko sau ɗaya.

Jiya ta dawo daga ta teburan. Ina bakin zaure tun kafin azahar, duk keken da ya tsaya sai na miƙe. Ta sauko ba fara'a ba kuka. Na ce yaya? Ta ce a wani tebur an soka allura a wata jijiya a wuya, ta san ta, sunan yana bakinta ya ƙi fita, aka kaɗa. Na ce sai kika yi yaya? Ta ce, "Sai na bar ta." Ta shige ciki ta kwanta.

To ni yanzu ban sani ba. Ta bar tebur ba amsa, kuma ta ce akwai wani da take shakka. Wannan faɗuwa ce ko ba faɗuwa ba? Ke kin san abin nan, ki gaya mini gaskiya, kada ki lallashe ni. Babin wuya yana cikin waɗanda ba mu kai ba. In da ban ɓata mata makonnin nan ba fa? An ce sakamako sai malamansu sun zauna. Yaushe za su zauna, ba wanda ya sani.

Mahaifinki,
Alhaji Bahago

*

Fatakwal
Ranar Litinin

Wa alaikumus salam Baba,

Ina gaishe ka. Don Allah ka ci abinci, Radiya ta ce ko kunu ba ka shanyewa.

Ka ce kada in lallashe ka, to ba zan yi ba. Ban sani ba, Baba. Tebur ɗaya ba ya kayar da mutum, amma ban ga sauran takardarta ba, kai ma ba ka gani ba. Abin da na tambaye ta kawai, teburin da ya biyo bayan na wuyan, me ke kansa? Ta ce ƙashin wuyan hannu, kuma ta rubuta. Da na ji haka na ɗan sami numfashi.

Ni ma nan ba zaune nake ba. Ɗazu na ɗaura wa wani mutum abin awon jini, na tsaya ina kallonsa har ya ce, "Sista, lafiya?" In labari ya fito, ko wane iri ne, kada ka jira Juma'a, kada ka tsaya neman biro mai kyau.

'Yarka,
Ummukulsum

*

Ƙofar Gayan, Birnin Zariya
Yau ɗin nan

Ta ci! Ummi, Radiya ta ci! Annabel ta ci, Lucas ya ci, duk zauren ya ci!

Na san ta riga ta kira ki, ina ganinta a tsakar gida tana tsalle da waya a kunne, amma sai na rubuta da hannuna. Ki yi haƙuri da rubutun, sauri nake. Sallama kuma ki ɗauka na yi.

A waya aka fara turo musu. Na ce ban yarda ba, abin da ke cikin waya ai shi ya kayar da mu tun farko. Muka hau keke har makarantar. Ga takarda a allon sanarwa, yara sun yi cincirindo. Suka ga tsoho da babbar riga suka buɗe mini hanya. Ba suna ake rubutawa ba, lamba ce. Radiya ta ce bari ta nuna mini, na ce ta cire hannunta. Na sa tabarau, na faro daga sama, layi-layi, ban tsallake ko ɗaya ba. Wani yaro a bayana ya ce, "Baba, ka duba ƙasa mana, tana can." Na ce ya bar ni, ni haka na iya. Na iso lambarta, na bi layin da yatsa har ƙarshe, na karanta kalmar da kaina. Ajin yamma ya yi ranarsa.

A hanyar dawowa na ce, "Amarya, yanzu sai a koma a sauke littafin ko?" Ta ce, "Tsoho, in ka ƙara maganar sauka, saki zan nema." Amma da muka iso na ga ta ɗauke shi daga zaure ta kai kan teburinta, ba ƙarƙashin gado ba. Zaren ma ba ta cire ba. Ta ce jijiyar wuyan nan sai ta nemo ta.

Walima tana nan, ranar Asabar bayan la'asar, don Lucas ya ce ranar Lahadi masu Baƙo za su karɓi abinsu, wasu yaran na jira. Na aika wa Malama Hilda, ta ce ita za ta kawo ƙosai. Na gaya wa liman. Na je har gida na gaya wa Malam Shehu, ya ce zai zo in za a rufe Baƙo da zani. Na ce ba za a rufe ba, sabuwar hula ma zan sa masa.

Yaran sun ce za su jera tabarmi su yi zagaye ɗaya a gaban mutane, ni a tabarmar ƙarshe da damtsena, ƙararrawa a ɗaya hannun. Ki je wurin shugabarku ki nuna mata wasiƙar nan, ki ce mahaifinki ne ya ce a ba ki kwana biyu. Ki gaya wa ƙannenki na Kaduna, da gwaggonki ta Kufena, da duk wanda ya taɓa tambayar ya karatun Radiya. Zauren zai ɗauke mu, in bai ɗauka ba mu shimfiɗa a waje. Ku zo dukanku, ku ga yadda yarinyar nan take duban ƙashi ta faɗi sunansa kafin yatsana ya motsa. Ku zo ku gani da idonku.

Mahaifinki,
Alhaji Bahago